Mai Ajiye Wele da Mai Fara Cinyewa

Hantsi ya ɗaga, amma rana ba ta leƙo ba, don hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen teku ya tsaya a saman unguwar Nima. A gaban teburin Abibatu mai waakye, wato shinkafa da wake, samari sun cika benci, kowa da ganyen da aka zuba masa abinci a hannu, dariya sai tashi take yi. Izzuddeen tela ne a tsakiya, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

Shi dai wani ilimi ya gano. Ya ce in kana son sanin inda mutum zai dangwala yatsa ran zaɓe, kada ka tambaye shi, ka duba yadda yake yi da wele, gandar nan da Abibatu ke ɗorawa a saman abinci. Mai ture ta gefe sai ya gama, mutum ne mai tunanin gobe, ba ya son a motsa masa abin da ya saba, don haka 'yan kan kujera zai zaɓa. Mai fara cafke ta kuwa, zuciyarsa ba ta zama wuri ɗaya, kullum sabo take nema, wannan ɗan adawa ne. Ya gwada a kan direban trotro, motar haya, ya dace. Ya gwada a kan mai aski, ya dace. Shi kansa mai ajiyewa ne, kuma ɗan kujera ne tun daga kaka.

Abokinsa Abdul-Wahab ɗan okada, wanda ke cinye wele kafin ma ya zauna, ya ce, "Cale, abokina, sa'a ce kawai. Ga gwaggona Mma Zenabu tana zuwa, ba wanda ya san inda take jefa ƙuri'a sai ni. In ka faɗi daidai, ni zan saya maka waakye har zaɓe. In ka kuskure, ka sa wannan, ka zaga Kasuwar Malam Atta da ƙafa."

Ya zaro rigar 'yan adawa, ruwan ɗorawa shar, wadda ko makaho zai hango.

Izzuddeen ya ƙura wa rigar ido. A kasuwar nan Muniratu, yarinyar da yake nema, take taya uwarta sayar da tumatir, kuma uwar ta taɓa korar mai kawo mata kaya saboda wannan launin. Amma samari sun zuba masa ido, kansa kuma ya riga ya kumbura.

"Na yarda," in ji shi.

Mma Zenabu ta iso tana jan silifa, ta amsa gaisuwa, ta ce wa Abibatu ta ƙara shito, soyayyen yajin nan. Ta zauna kusa da Izzuddeen, ta yi bisimilla. Kowa a benci ya zuba ido. Hannunta bai ko bi ta kan shinkafa ba, ta ɗauki wele ta jefa a baki.

"Mma ta fara da wele!" samari suka kwashe da ihu.

Izzuddeen ya miƙe har yana taka rawa. "Adawa! Mma, zuciyarki canji take so!"

Tsohuwa ta gama taunawa a hankali, ta dube shi sama da ƙasa. "Canjin me, ɗan nan? Ni ko tabarmata aka juya ba na iya barci. Duk wanda na tarar a kujera, shi nake bari, don na san irin ciwonsa."

"To me ya sa kika fara da wele, Mma?"

"A gidanmu na Maamobi kwano ɗaya muke ci da 'ya'yan kawunnai. Ka ajiye nama a gefe, ka ajiye wa wani. Abin da ya shiga ciki shi ne naka. Kai tsoro ya sa kake ajiyewa, ni tsoro ya sa nake cinyewa. Ina bambancin?"

Dariya ta kusa kifar da benci. Izzuddeen ya koma ya zauna, ya duba ganyensa don ya rarrashi kansa da welen da ya ajiye, sai ya ga wayam. Mma Zenabu na tauna tana kallon hadari.

"Ka gani ko?" ta ce.

Shi ma dariyar ta ƙwace masa, har da hawaye. Amma da Abdul-Wahab ya miƙo rigar, sai dariya ta ƙare. Ya cire tasa, ya zura ruwan ɗorawa, ya ji kamar ya sa wuta. Samari suka jeru a bayansa suna tafi, za su raka shi. Ya kama hanya yana tuna fuskar uwar Muniratu.

Sun kai bakin titi ke nan yayyafi ya sauko. Abdul-Wahab ya buɗe ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa, ya ciro rigar ruwansa baƙa mai kaiwa gwiwa, ya yafa wa Izzuddeen, ya ja masa zif har haɓa.

"A'a, wannan cuta ne!" in ji samari.

"Cewa na yi ya sa riga, ban ce ruwa ya dake shi ba."

Izzuddeen ya buɗe baki, amma wata mata ta riga ta ɗaga hannu a tsallaken titi. Abdul-Wahab ya buga babur ya tafi ɗaukarta, ruwa na jiƙa masa baya.