Ƙarfen Lalas a Bakin Hurumi

Shekara biyu ke nan sama ta yi shiru a ƙasar Najadu. Duk inda mutum ya duba sai baƙaƙen duwatsu da ƙasusuwan dabbobi, in ban da wani kwari guda, tafiyar kwana uku daga Madina, wanda Sarkin Muminai ya mayar hurumi tun kafin fari ya yi tsanani. Can kaɗai ciyawa ta rage. Ƙofar kwarin ɗaya ce, matsatsiya tsakanin duwatsu biyu, raƙuma uku ba sa jerawa a cikinta. Junada ɗan Ausaja ne ke tsaronta.

Umarnin da ɗan aiken Halifa ya kawo masa gajere ne, ya haddace shi kamar sunan ubansa. Raƙuman zakka su shiga. Mai raƙuma biyar ko ƙasa da haka, da mai 'yan tumaki, su shiga, don in nasu suka mutu ba su da madogara. Masu garke kuwa su tsaya waje, suna da gonakin dabino da za su koma wa. Ɗan aiken ya ƙara da cewa a fara da hana na gidan Halifan kansa.

Junada bai taɓa ganin Halifan ba. Abin da ya sani game da shi ayari ke kawowa: wai ya haramta wa bakinsa mai da nono sai ranar da talakawa suka samu, wai ana tarar da shi cikin riga mai faci yana shafa wa raƙuman zakka maganin ƙazwa da hannunsa. Junada yakan zauna a bakin ƙofar yana juya wannan a ransa, yana mamakin yadda mutum zai ji tsoron wanda bai taɓa ɗaga masa murya ba.

Wata safiya ya hango ƙura ta taso daga yamma. Da ta matso sai ya ga mutanen ƙauyensu ne a jere, gida arba'in, kowa yana jan taguwa biyar, matan raƙuma masu nono. A gaba akwai tsoho Hanzala, wanda duk dukiyarsa awaki biyu ce, su ma suna cikin hurumin tun bara.

"Hanzala! Wa ya mutu ka gada?" in ji Junada.

"Talaucina ne ya mutu, ɗan Ausaja. Jiya muka binne shi, ko ta'aziyya ba ka zo ba. Ƙirga: biyar cif. Matsa mu wuce."

Junada bai matsa ba. Ya zagaya taguwar farko, ya ɗaga gashin wuyanta. Zobe da zane uku. Ya duba ta biyu, ya duba ta goma, duk shaidar ɗaya ce, kuma ko cikin barci ya san ta. Shaidar Hubaira ɗan Mazin ce, ƙanen ubansa, wanda ya riƙe shi da ƙanwarsa tun suna marayu, mai garke ɗari biyu da gonakin dabino uku.

"Aron tatsa ne," Hanzala ya faɗa a hankali, murmushinsa ya ragu. "Ya ce mu riƙe, mu sha nono, in ruwa ya sauka mu mayar masa. Haramun ne?"

Ba haramun ba ne. Tun kakanni ana yin sa, mai wadata ya ara wa maƙwabci taguwa ya tatsa, kuma babu wanda ba ya yabon mai yin haka. Nan ne wahalar take. Ya waiwaya ya dubi kwarin. Ciyawar nan, da dabbobin da ke ciki, za ta iya kai su har ruwa ya sauka. In baki ɗari biyu suka hau kanta, kwana ashirin sun yi mata yawa. Daga nan awakin Hanzala su mutu, tumakin zawarawa su mutu, raƙuman zakka su mutu, Baffa kuma ya zo ya kora garkensa gida da ƙiba. Amma ga yaran ƙauyen, haƙarƙarinsu a waje, yau ɗin nan za su sha nono su ƙoshi. Alheri ne ko wayo? Ya juya abin gaba da baya, ya tarar duk biyun ne, sun nannaɗe kamar igiya mai tufka biyu.

"Kai, Junada, rana tana yi. Ba ni hanya."

Raiɗa ce, ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu a farkon farin ya bar ta da yara huɗu. Ita ma akala biyar ke hannunta.

"'Yar uwata, ki ɗan tsaya."

"In tsaya me? Ƙaramin ya kwana uku yana tsotsar ƙwallon dabino. Kai ka sani, ko Halifanka ne ya sani?"

Junada ya tattaro itacen ƙaya, ya hura wuta a tsakiyar ƙofar, ya ɗauko ƙarfen lalas da ake sa wa raƙuman zakka shaida, ya cusa shi cikin garwashi. Kowa a wurin ya gane. In raƙumi ya sauya hannu, a gaban shaidu ake jan zane ɗaya a kan tsohuwar shaidarsa, shi ke nan an kashe ta, mai shi na dā ba shi da sauran magana.

Ƙarfen bai gama ja ba Hubaira ya iso a kan raƙumin hawansa, da rawani mai ƙamshin turare. Bai sauka ba.

"Ɗan ɗan'uwana, me ake dafawa ba a gayyace ni ba?"

"Barka da zuwa, Baffa. Ba girki ba ne, ƙofa nake buɗewa. Duk wadda aka kashe shaidarta ta mai janta ce, ta shiga. Wadda wuyanta ke kiran sunanka kuwa taka ce, kai kuma mai garke ne."

"Aro na ba su. Kai ne za ka haramta abin da Allah ya halatta?"

"Ban haramta ba. Ara musu, su tatsa a gonarka, ka ciyar da su dabinonka. Hurumi ba ya duba hannun da ke riƙe da akala, wuya yake dubawa."

Hubaira ya yi dariya. "Ji yaron nan. A akushina ka yi ƙashi, ni na ɗaura maka takobi, yau an ba ka gadin ciyawa ka zama alƙali. To zan tafi Madina da ƙafata, kafin wata ya tsaya an cire ka daga nan kamar kaska."

"Allah ya kiyaye hanya, Baffa. In ba ka sami Halifa a masallaci ba, ka duba wajen raƙuma masu ƙazwa. Ka riƙe masa kaskon magani, ka gaya masa kana da gonaki uku amma kana son ciyawar awakin Hanzala. Duk abin da ya ce, na bi. Kafin nan dai, sai ta kan wutar nan."

Ba Hubaira ne ya harzuƙa ba, talakawan ne. Aka fara guna-guni. Wata mata ta ce wanda ya hana yaro nono Allah ya hana shi inuwa. Wani ya jefo tsakuwa ta sami Junada a kafaɗa. Bai ko shafa wurin ba. Ya san da gaskiyarsu, kuma ya san ba zai matsa ba, wannan kuwa ya fi tsakuwar zafi.

Raiɗa ta saki akalolinta, ta taho har gabansa. Ya ɗauka marinsa za ta yi. Ta daɗe tana kallonsa, ta kalli kwarin a bayansa inda tumakinta uku ke kiwo, sai ta sunkuya ta zaro ƙarfen daga wuta, ja wur. Ta juya ta nufi baffanta.

"Baffa, jiya a ƙofar masallaci, da kake miƙa mini akalar nan, me ka ce?"

"Ajiye ƙarfen nan, 'yata, kada ki ƙone."

"Cewa ka yi, ga su don Allah. Na ji, liman ya ji, Hanzala da kurmancinsa ma ya ji."

"Na ji sarai!" in ji Hanzala. "Kunnen hagun ne ya mutu, na daman yana aiki."

"To ni jahila ce, Baffa, ka sanar da ni. Abin da aka ba Allah, in ruwa ya sauka ana zuwa a karɓe? In wa Allah ka ba, bari in ja zanen. In kiwo ka ɗauke mu mu yi maka da yunwar 'ya'yanmu, faɗa a nan kowa ya ji, in mayar maka da kayanka."

Hubaira ya dubi fuska arba'in. Mutum irinsa yana iya rasa garke ya sake tarawa, amma in aka ce ɗan Mazin ya lashe kyautarsa a gaban jama'a, har jikokinsa sai an yi musu gori a bakin rijiya.

"Ɗaya," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. "Kowane gida ɗaya."

Hanzala ya ce, "Biyu dai, ɗan Mazin, kai da Allah ya..."

"Ɗaya na ce, tsohon kwaɗayi! Ka ƙara magana in ba ka jaki."

Raiɗa ba ta yi shawara da kowa ba. Ta wuce kai tsaye wajen wata jar taguwa mai sabon ɗa, wadda Hubaira ke kira da suna yana ba ta dabino a tafin hannu. Maza biyu suka durƙusar da ita. Ƙarfe ya sauka, gashi ya yi ƙauri, taguwar ta yi ruri har duwatsu suka amsa. Hubaira ya kau da kai.

Har rana ta karkata ana lalas. Arba'in suka shiga, ɗari da sittin aka juya da su zuwa gonakin dabino. Wasu sun gode wa Junada, wasu sun tofar da yawu da suka zo wucewa, don da safe da biyar suka fito. Raiɗa ta tsaya kusa da shi, jar taguwar na bayanta.

"Kada ka zaci na yafe maka. Nonon huɗu ka raba 'ya'yana da shi."

"Na sani."

"Ka zo ka sha na wannan in ka ga dama. Kaɗan."

Hubaira ne ya rage. Ya juya kan raƙuminsa, ba wajen gida ba, wajen hanyar Madina. "Ranar da na mutu, kada ka taɓa makarata," ya ce.

"Zan taɓa, Baffa, ko ka so ko ka ƙi. Ka gaida Halifa."

Junada ya bi shi da kallo har ya ɓace. Bai san abin da zai dawo daga Madina ba. Can kudu kuma wata ƙurar ta taso, mai faɗi, irin ta babban garke, don dabarar Hubaira ta riga ta zaga rijiyoyi tun jiya. Ya karyo wani reshen ƙaya ya ƙara a wutar, ya mayar da ƙarfen cikin garwashi, ya zauna a tsakiyar ƙofa.