Filo Hamsin

Injiniya ya ci amanar aikinsa. Ba sata ya yi ba, lalaci ne. Shi ke kula da saƙon odar kaya da kwamfutar otal ɗin ke aika wa ta kamfanin kayan shimfiɗa. Kwamfuta ba ta da hankali, don haka kowane bayani sai an saka shi a gidansa, da alamar buɗewa da ta rufewa: sunan kaya daban, adadi daban, ma'auni daban, ko guda-guda ake so ko dila-dila. Akwai manhajar da ke ƙara idan an bar wani gida fanko. Ƙarar na katse masa gyangyaɗin rana, sai ya kashe ta.

Da mai sito ta nemi filo hamsin, ya aika, gidan ma'auni ba komai. Kwamfutar kamfanin kuwa, in ta ga babu, dila take ɗauka.

Ranar da kayan suka iso yana ɗakinsa mai sanyi, ya jingina da kujera. Ƙananan fitilun na'urori na ƙyaftawa. Yana ganin saƙonni kamar fararen tsuntsaye, suna fita ta taga, kowanne da ɗan akwati a baki.

Mai sito ta turo ƙofa. "Ranka ya daɗe, sarkin barci, fito ka ga arzikinka."

Ya fito yana mutsuka ido. Harabar ta yi fari fat. 'Yan dako sun yanke igiyoyi, filo ya kumbura ya haye matakala, ya binne tukwanen furanni. Babu ƙarar takun kowa. Wata baƙuwa ta tsaya da jakarta tana murmushi. Har ya ji sha'awar ya faɗa ciki.

Manaja, yayan matar injiniyan, wanda ya tsaya masa aka ɗauke shi, yana tsaye a tsakiya, filo har gwiwa.

"Yaya, na'ura ce ta..."

"Na'urar ba ta yi ƙara ba?"

Injiniya ya dubi ƙasa, bai ga ƙasar ba.

"Wa ya kashe ta?"

"Ni ne."

"Me zan gaya wa ƙanwata?"

Kamfanin ya ƙi karɓar abin da aka kwance. Kafin la'asar aka karɓe makullin ɗakin, aka sallame shi daga aiki.