Layin Jannatu

Malama Martina ce ta sa Jannatu ta tsaya takarar monita. Sati biyu tana lallashinta a bakin aji. Yarinyar ba ta da surutu, amma duk lokacin da aka yi tambaya a darasin zama ɗan ƙasa, hannunta kan ɗago kaɗan, kuma amsarta ba ta kuskure. Martina ta ce mata dimokuraɗiyya ba ta masu babbar murya kaɗai ba ce, kuma kowa zai rubuta zaɓinsa a takarda ya ninke, ba wanda zai san na wani. A kan wannan alkawarin Jannatu ta yarda.

Ranar zaɓen ta faɗo daidai da ranar da aka kira Martina intabiyu a wani ofis a Abuja, ƙarfe biyu. Shekara uku tana neman irin wannan kira. Ta shigo aji da takardun da ta yanka, ta dubi ɗalibai sittin da biyu, ta dubi agogo. Rabawa, rubutawa, ƙirgawa, ga cunkoson Mararaba yana jiranta.

Natan, ɗaya ɗan takarar, wanda duk makarantar ta sani saboda ƙwallo, ya ce, "Malama, mu yi layi kawai mana. Kowa ya bi bayan nasa. Minti biyu an gama."

Ajin ya ɗauki shewa. Martina ta mayar da takardun cikin jaka.

Aka fita fili. Natan ya tsaya ƙarƙashin darbejiya, Jannatu ta tsaya kusa da famfo. Maza suka ruga bayan Natan. 'Yan mata suka tsaya kallon juna, sannan ɗaya ta bi, sauran suka bi. Huraira, ƙawar Jannatu da suke zama benci ɗaya, ta yi taku uku wajen famfo, ta waiga, ta ga ita kaɗai ce, ta juya ta shige tsakiyar layin Natan.

"Jannatu, juyo ki ƙirga mutanenki," in ji wani daga baya.

Ba ta juyo ba. Martina ta sanar da sakamako, ta tare keke zuwa tasha.

Ba ta samu aikin ba, amma ba shi ya hana ta sukuni ba. Jannatu ta ɗauke jakarta daga bencin Huraira ta koma can ƙurya. Sati guda Martina tana jefa tambayoyin da ta san yarinyar ta sani, hannu bai ɗago ba.

Ranar Asabar ta hau acaɓa daga Sabon Gari zuwa unguwar Yara, tana tambayar gidan su Jannatu. Mahaifiyar Jannatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa da soyayyar gyaɗa.

"Ke ce Malama Martina? Kullum sunanki a bakinta. Allah Ya saka da alheri. Ta ce an ɗaga zaɓen naku, ko?"

Martina ta dubi Jannatu, wadda ke tsaye a ƙofar ɗaki tana murza bakin hijabinta.

"E, Mama," in ji Martina.

Da uwar ta shiga kicin, Martina ta rage murya. "Jannatu, laifina ne. Na yi miki alkawari na saɓa, don ina sauri. Zan soke zaɓen, a sake da takarda."

"A'a, Malama."

"Don me?"

"In na samu ƙuri'a, za su ce tausayi ne."

"Ba wanda zai san wanda ya ba ki."

"Ni zan sani." Sannan ta ce, "Ba faɗuwar ba ce, Malama. Na san Natan zai ci. Huraira ce. Na gan ta ta gefen ido lokacin da ta juya. Da takarda ce, ko ba ta zaɓe ni ba, ai ba zan sani ba."

Duk abin da Martina ta koya a jami'a game da ƙuri'ar sirri, yarinya 'yar shekara goma sha uku ta gama faɗa mata shi a tsaye.

"To me kike so in yi?"

"Ba komai. Kada dai ki faɗa wa Umma."

Ranar Litinin Martina ta tsaya gaban aji, ta ce zaɓen da aka yi ba daidai ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne sai nata. Natan ya ce shi dai ya ci. Aka yi dariya. Huraira ta kifa kai a kan benci.

Martina ta tambaya ko akwai wanda zai faɗi dalilin da ya sa ake ɓoye ƙuri'a. Hannu huɗu suka tashi. Ta daɗe tana kallon ƙuryar da Jannatu take, har yara suka fara waigawa su ga abin da take kallo. Sai ta yi sauri ta kira Natan.