Tsohuwar da Ke Daka a Ƙirjina

Jiya da rana tsaka, bayan na tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa, barci ya sace ni a zaure, na yi wani irin mafarki. Hulata na kaina. A cikinta akwai takardar asibiti da na ɓoye wa matata Ladidi sati uku ke nan: sukari, hawan jini, kitse a jini, ga kuma tumbi. Likita ta ce su huɗun nan tare suke tafiya, kuma zuciya suke nufa. Ni kuwa na ce tumbina na hutu ne, ba sato shi na yi ba.

Sai ga ni a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. Kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Babu wanda abin ya dama.

Na shiga wani ofis. Wata akuya ce a kan kujera, da tabarau.

Ta ce, "Alhaji Tanimu, kawo hular."

Ta zaro takardar, ta tauna gefenta, ta yamutsa fuska. "Zaƙi ya yi yawa." Ta buga mini hatimi a tumbi. "Wuce, Iya tana nemanka."

A hanya na tarar da tabarmar ƙofar gidana. A unguwarmu ciyayya muke yi: kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, wanda duk ka tsallake nasa kuwa ka raina girkin matarsa. To, kwanukan ne su bakwai zaune cikin manyan riguna.

Na man shanu ya ce, "Haba Alhaji, ni za ka wuce?"

Ina zan iya? Na bi su ɗai-ɗai, loma biyu-biyu, har da santi.

Daga nan sai wani ɗaki mai ɗumi. Wata tsohuwa tana daka, gumi sharkaf. Duk bugun taɓarya ɗaya, jan ruwa ya fita daga turmin ya bi lunguna ya zaga gari.

Na ce, "Sannu da aiki, Iya. Wace ce ke?"

"Shekara hamsin da takwas ina maka daka, yau kake tambaya?"

Ta nuna mini wasu siraran tiyo uku da ke shiga bakinta. "Ta nan kaɗai nake sha. Leƙa."

Na leƙa. Sukari ya kankare cikinsu, ƙarfin ruwa ya tsattsage su, kitse kuma ya samu wurin zama ya daskare. Har na gane lomar da na ci ɗazu. A ɗaya daga ciki, ɗigo-ɗigo ruwan ke wucewa.

Ta ce, "Ni ke shayar da gari, amma ƙishirwa nake ji. Hakin da kake yi a matakalar masallaci, da nauyin ƙirjin da kake cewa iska ce, ni ce nake kiranka."

Wallahi ta ba ni tausayi. Na ce, "To ki ɗan huta mana, Iya."

Ta dube ni sheƙeƙe. "In na huta, Ladidi takaba za ta shiga."

Ta ɗaga taɓaryar. Taɓaryar ta tsaya a sama, ba ta sauko ba. Ruwan da ke tashi ya tsaya cak. Kwanukan suka rufe bakinsu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Na ce, "Iya, don Allah."

Dum!

Na farka hannuna dafe da ƙirji. Ladidi ce a tsakar gida take dakan yajin kwanon ciyayyar magariba. Na shiga ko takalmi babu, na cire hula, na miƙa mata takardar. Ta jingine taɓarya za ta karɓa.

Na ce, "A'a, ci gaba da dakan, kar ki tsaya. Ni zan karanta miki."