Gwazan Cikin Firiza

A tsibirin Abaiang gishiri ba ta sama ya zo wa mutane ba, ta ƙasa ya ɓullo. Shekarar da teku ta yi babbar tumbatsa, ruwanta ya riƙa tsattsafowa daga gindin ramukan babai, wato ƙaton gwazan da ake shukawa a tsibirin, manyan ganyayen nan da mutum ke fakewa ƙarƙashinsu in ana ruwa suka yi rawaya, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ramin gidan su Rutiana ma bai tsira ba. Gwazan da ke cikinsa kuwa irin mahaifiyarsu ne, wanda ta taho da shi daga gidan iyayenta ranar aurenta, mai garɗi, mai ɗan ja-ja a ciki, babu irinsa a duk ƙauyen.

Rutiana ta shiga taɓo har gwiwa tana lalube, tana ciro ruɓaɓɓu tana jefarwa, har hannunta ya faɗa kan wani ɗan tsiro da bai kai tsawon tafinta ba. Shi kaɗai ya rage.

Yayanta Tebano yana zaune a bakin jirgin ruwansa sa'ad da ta wuce da shi a cikin ƙoƙon kwakwa. Jirgin nan na roba ne, babba, ya shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiya yana jiran injin da Tebano zai saya "wata mai zuwa". Aikinsa kenan kwashe ruwan sama daga cikinsa yana tsaki, sannan ya zauna a kai ya gyara wa duniya zama da baki.

"Ina za ki kai wannan gawar?" ya tambaya.

"Dasawa zan yi, Yaya."

"A wane ramin? Duk inda kika haƙa a ƙasar nan teku za ki tarar tana jiranki."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi kenan. Babai ba ya rayuwa sai ƙafarsa na cikin ruwa mai daɗi, ramin da zai ba shi wannan kuwa ya ƙare a ƙauyen. Sai ta tuna da matacciyar firizar da mai kanti ya yar a bayan shagonsa, wadda kaji ke ƙwai a ciki. Ta roƙa, aka ba ta har da godiya. Ta sa aka turo mata ita gida, ta ɗora ta a kan duwatsu daidai inda ruwan sama ke zuba daga rufin kwanon madafa. Ta saƙa kwando da ganyen da ake yin tabarma da shi kamar yadda uwarsu ke yi, ta zaunar da tsiron a tsakiya, ta cika gefensa da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓun ganye. Waɗanne ganye, kuma wane kafin wane, wannan sirrin gida ne, kowane gida da nasa, ko maƙwabci ba a gaya wa.

Ƙauye ya samu abin dariya. Aka sa mata suna Mai Rami a Sama. Tebano kuwa duk ranar da ya biyo sai ya leƙa.

"Rutiana, wai yaushe za a jawo miki wuta ne, gwazan ya ɗan yi sanyi?"

"Ranar da injinka ya iso, Yaya. Jirgi ɗaya zai kawo su."

Babai ba ya gaggawa. Shekaru yake ci kafin ya zama abin a zo a gani, ita kuma ta bi shi da haƙuri. Lokacin fari ta raba ruwan shanta da shi. Da teku ta sake tumbatsa ta shigo har tsakar gida, ta tsaya a ƙofa tana kallon ruwan gishiri yana wucewa ta ƙarƙashin firiza, tsakanin duwatsu, bai taɓa komai ba. Ganyen ya yi ta tashi har ya wuce rufin madafa. Amma ganye ba shi ne abinci ba, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba ta taɓa gani ba. Tana tsoron tonawa.

Ana nan sai aka sa ranar auren Kaiea, ɗan Tebano na fari. Dangin amarya daga arewacin tsibirin suke, inda ramuka ba su mutu duka ba. Gidan ango kuwa ba ya shiga maneaba, babban zauren taron gari, da shinkafar kanti kawai. In babu babai a gaban surukai, za a ci, a yi murmushi, a koma gida a yi ta ba da labari har jikoki.

Wata safiya Tebano ya shigo bai leƙa firiza ba. Ya zauna a ƙasa, a bakin tabarmarta, yana murza yatsun ƙafarsa.

"Ƙanwata, da bubuti na zo."

Bubuti roƙo ne na al'ada, wanda aka zo wa da shi ba ya cewa a'a, ko rigar jikinsa aka roƙa. Ta san abin da yake so tun bai faɗa ba. In aka tona aka tarar ruɓewa ya yi a ciki, ko ɗan mitsitsi ne, ta kunyata a gaban gari, irin uwarta kuma ya tafi kenan har abada. Ta dubi yayanta, ta ga furfurar da ba ta lura da ita ba, ta ji tausayinsa da haushinsa lokaci guda.

"Naka ne," ta ce. "Amma ni zan tona."

Kafin ta ɗauko wuƙa tsakar gida ta cika. Masu dariyar da duk sun zo, wasu har da abin zama. Ta yanke kwandon, ta kwashe ƙasa da hannu, ta kama gindin ta ja. Ko motsi bai yi ba. Tebano ya kama, shi ma ya ja, sai nishi. Daga ƙarshe maza suka taru suka kwantar da firizar a gefenta, ruwa da taɓo suka malalo, aka yi ta girgizawa, sannan abin ya mirgino ƙasa da wani irin nauyi.

Gwazan ya kai ƙugun Rutiana, kuma da ya rasa wurin faɗaɗa sai ya bi bangon firizar, ya fito da gefe biyu a daidaice, da kusurwa sak kamar ta akwati. Wata tsohuwa ta zagaya shi tana ƙwanƙwasawa da sanda.

"Na ga babai iri-iri," ta ce, "amma ban taɓa ganin wanda kafinta ya yi ba."

Aka fashe da dariya. Rutiana ba ta ji su ba, don ta riga ta durƙusa tana share taɓo daga gindinsa. 'Ya'ya ne manne a jikinsa, tsiro kore shar, ta ko'ina. Ta riƙa ɓalle su a hankali tana jerawa a kan ganye, hawaye na zuba mata, ba ta ma damu ta goge ba. Farin ciki ne irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar uwarta.

Da ta gama ta miƙe, ta goge hannu a zane, ta je gaban Tebano da ke ta shafa gwazan yana washe baki. Ta zauna a ƙasa.

"Yaya, ni ma da bubuti na zo."

Murmushinsa ya tsaya.

"Jirginka. Na ga yana riƙe ruwan sama da kyau."

Tebano ya dubi jama'a, ya dubi gwazan, ya juya ya nufi inda jirgin yake. Wani daga baya ya ce, "To injin fa?" Tebano ya ce wa mai maganar ya zo ya kama igiya a ja jirgin in yana da ƙarfin surutu.

Ranar biki mutum biyu ne suka shigo da babai maneaba a kan sanda. Wani dattijo cikin dangin amarya ya tambayi wane rami ne ya haifi wannan, Tebano ya nuna ƙanwarsa da hannu ya ce, "Nata. A sama yake."

Washegari jirgin yana bayan madafa a kan duwatsu, kwanduna jere a cikinsa daga kai har wutsiya. Rutiana tana dasawa, Tebano yana kawo mata ganye, tana mayar da shi in ya ɗebo wanda ba shi ba. Da ya rage tsiro ɗaya sai ya riƙe hannunta.

"Bar mini wannan," ya ce. "Ni ma uwata ce."

Ta miƙa masa, ta matsa gefe, ta nuna masa ganyen da ake fara sawa.