Da Sauƙi

Muna cusa shi cikin motar maigidana ya damƙi wuyan hannuna. Tsohon da numfashi ke neman gagara, amma riƙonsa kamar na ɗan dambe.

"Tela," ya ce da ƙarfi, don shi bai iya magana a hankali ba, "ga makulli. Ɗan aike yana kan tebur. Kar Uwata ta sani."

"Baba, ka bari mu isa asibiti tukuna."

"Me kika ce?"

Maigidana ya ja mota.

Baba Mai Inji maƙwabcinmu ne, ƙofa na kallon ƙofa. Ƙarar injin niƙa ta cinye masa kunnuwa tun da jimawa, waya ba ta da amfani a wurinsa. 'Yarsa tilo, wadda yake kira Uwata, tana aure a gari mai nisa. Da ta gaji da ihu a waya sai ta sayo masa kwamfuta. Ya ce a mayar, ba zai koma makaranta da furfura ba. Shi ne ta kawo wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce littafi ba, da maɓallan rubutu da ɗan gilashi. Imel kaɗai take yi. Ka soka igiyarta a ramin layin wayar gida, ta yi 'yar ƙara, ta aika naka ta karɓo na wancan. Baba ya sa mata suna ɗan aike.

Kullum da safe 'yar takan gaishe shi, shi kuma ya amsa da yatsa ɗaya. Yanzu ga ta da tsohon ciki, jininta ya hau, likita ya kwantar da ita ya hana ta ko sharar ɗaki. Ɓari ya sha yi mata ɓarna a baya. Abin da Baba ke tsoro ke nan.

Aka ba shi gado, aka sa masa robar iska a hanci. Likita ya ja mu gefe ya ce zuciya ce, kuma ta gaji. Da na koma wurinsa, Baba ya kafa mini doka.

"Ki rubuta mata, lafiya lau, ki ci abinci. Kar ki ƙara ko wasali. Na san bakinki."

Haka na zama Baba. Da safe in buɗe ɗakinsa, in ture kwalaben magani, in soka igiya. Saƙonta ya shigo, in amsa yadda aka umarce ni. Wani lokaci takan yi tsokana: "Baba, ka zama mai rowar magana." In zauna ina kallon gilashin kamar zai tona ni.

Ga kuma mutanen unguwa. Mai shago, masu kawo ɗinki, matan da ya yi wa niƙa shekara da shekaru, kowa ya tare ni.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

Na faɗa a bakin famfo, na faɗa a kan keken ɗinki, na faɗa wa wanda ma bai tambaya ba. Alhali kullum ƙafafunsa ƙara kumbura suke yi.

Ranar da abin ya ɓaci, na makara. Yara sun ɓatar da takalmin makaranta, shayin da zan kai asibiti yana hucewa. Na shiga ɗakin Baba a tsaye, na soka igiya. Ta rubuto: "Ina kwana, Baba? Ka tashi lafiya?" Yatsuna suka yi aikinsu, na danna aikawa, na ɗauki kwandon abinci. Har na kai ƙofa sai ƙafata ta tsaya.

Na dawo na duba abin da na rubuta. "Da sauƙi, ki ci abinci."

Na zauna a bakin gadonsa. Na ce ƙila ba za ta lura ba. Na sake soka igiyar, na'urar ta yi ƙararta.

"Sauƙin me? Mai lafiya ba ya cewa da sauƙi. Wa ke rubuto mini? Anti Tela, ke ce? Ina Babana? In ban ji daga hannunsa ba kafin yamma, wallahi mota zan shiga."

Tafiyar yini guda ce, hanya duk ramuka. Na fara rubuta cewa kuskure ne, na goge. Na fara cewa mura ce, na goge. Ƙarya ta biyu ba za ta ɗinke ta farko ba. Na zare igiyar, na naɗe ɗan aike a mayafina, na bar kwandon a nan.

A asibiti na tarar da maigidana zaune gefen gadon, fuskarsa ba daɗi. Baba ya faɗa sosai a dare ɗaya, leɓɓansa sun bushe. Na ɗora masa na'urar a ƙirji, na sa masa tabarau. Ya karanta nawa, ya karanta nata. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka shiɗewa ce, ashe dariya yake.

"Tela, an ba ki akuya ɗaya ki tsare, kin sake ta a gonar mutane."

"Ka yafe ni, Baba," na faɗa a kunnensa.

"A rage murya, akwai marasa lafiya," in ji nas daga can.

"Me ta ce?"

"Ta ce kana da kyau," in ji maigidana.

Baba ya ɗaga yatsansa. Harafi ɗaya, ya huta. Wani harafin, ya huta. Na ce ya faɗa in rubuta, ya harare ni. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga, robar hancin ta zame, maigidana ya gyara. Ni kuwa idona na kan taga, rana tana ta yin sama. Da ya gama ya turo mini.

"Uwata ni ne. Ina asibiti. Tela ba ta iya ƙarya ba shi ya sa ɗinkinta ke tsada. In kika taka ƙofa ban yafe ba. Ki kwanta ki haifo mini abokin faɗa."

Na zagaya ɗakin ina neman inda zan soka igiya. Babu. Na roƙi nas ta ara mini layin ofishinsu, ta ce ba a taɓawa. Dole sai gida.

"Baba, yanzu zan dawo."

Ya kaɗa mini hannu. "Ɗan aike ba ya zama. Tafi."

Motar hayar da na shiga ta maƙale a bayan wata tirela da ta lalace. Direba ya kashe inji ya fara ba mu labarin siyasa. Na sauka, na rungume na'urar, na ratsa ta cikin masu kayan miya da masu gyaran babur, silifa ɗaya ya tsinke na ɗauke shi a hannu. Ina tafe ina ganinta a raina, tana jan jaka zuwa tasha da wannan cikin.

Makullin ya ƙi shiga sai da na tsaya na yi numfashi. Na soka igiya. Ƙarar nan ta yi ta ja kamar ba za ta ƙare ba, sannan gilashin ya nuna an aika.

Na jira. Na soka, babu komai. Na share ɗakin, na ninke masa riguna, na sake sokawa. Babu. Inuwar ƙofa ta tsallaka tabarma kafin amsa ta shigo.

"Na ga rashin kunyarka, na yarda kai ne. Na kwance jakar, na kwanta. Amma ka jira mu, Baba."

Na dafe ƙirji. Na miƙe ina naɗe igiyar in kai masa ya gani da idonsa, sai na ji tsayuwar mota a waje. Maigidana ya shigo ba sallama, da leda a hannu. Ta cikin ledar ina hango butar Baba da hularsa.

"Yaushe?" na ce.

"Ba ki daɗe da fita ba ya cika. Ya yi ta tambaya ko kin isa. Na ce masa kin isa."

"Ya ji ka?"

"Ya gyaɗa kai."

Ya ajiye ledar a ƙarƙashin tebur, ya fita ya zauna a bakin ƙofa. Na mayar da na'urar inda take, na zauna a kujerar Baba, hannuwana a cinya. A ƙasan saƙonta, ɗan layin da ke jiran a rubuta amsa yana ƙyaftawa.