Daƙiƙa Huɗun Kulu

Kulu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, don haka da ta rasu a farkon damina ba ta bar wa mijinta Gajere komai na kamanninta ba. Sai bayan wata biyu, yana zaune wurin mai cajin waya a kasuwar Kankia, ya ɗaga kai ya gan ta a talabijin.

Mabuɗin wani shiri mai dogon zango ne da ake nunawa duk Juma'a bayan la'asar. Rana na fitowa bisa gonar gero, sarewa na tashi, sai ga mace ta ɗaga ƙwarya tana shiƙa. Ƙaiƙayin yana tashi a hankali, ya taru a sama, ya zama haruffan sunan shirin. Masussukar ƙauyensu Fakuwa ce, matar kuma Kulu. Daƙiƙa huɗu take yi. A biyun ƙarshe sunan darakta, da jan rubutu mai kauri, yake sauka daidai kan fuskarta.

Tun daga nan Gajere bai ƙara fashin Juma'a ba. Labarin shirin bai dame shi ba, da ma masu kuɗi ne ke kuka cikin manyan falo. Da mabuɗin ya wuce yakan hau kekensa ya koma gida. Rubutun nan kaɗai ya tsaya mashi a rai, don yana cinye rabin abin da ya rage mashi.

Ya yi ta tambaya har aka nuna mashi shagon Sadisu, wanda ya haɗa mabuɗin. Shi ya ɗauki hoton bara da kaka, yana wucewa a babur, bai nemi izinin kowa ba. Suka gaisa, suka taɓo ruwan bana da tsadar taki. Dattijo ba ya kama sunan matarsa a gaban baƙo, balle ya ce yana kewarta. Sai Gajere ya dubi ƙasa.

"Wadda ke shiƙar nan a farko, ɗana, iyalina ce. Allah ya yi mata rasuwa. Shi ne na ce ko za a duba."

Sadisu ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya yi ta'aziyya, ya ba da haƙuri har sau uku. Ya ce ya gane, kada Baba ya ƙara cewa komai. Gajere ya ji daɗin samun mai hankali, ya fita bai ambaci rubutun ba.

Juma'ar da ta biyo, rana ta fito bisa gero, sarewa ta tashi. Wata 'yar wasa mai lalle har gwiwar hannu ta ɗaga sabuwar ƙwarya, ta fuskanci iska, abin da ko 'yar shekara bakwai a Fakuwa ba ta yi.

Gajere ya jingine keken a ƙofar shagon. Sadisu ya tarbe shi da fara'ar wanda ya sauke nauyi. Ya ce kwana biyu ya yi yana aikin, an cire tsoffin sassan daga intanet an gyara, ya goge na kwamfuta, ya goge na ajiya, har katin kyamarar ya wanke.

"Ka kwantar da hankalinka, Baba. Wallahi ba ɗan Adam ɗin da zai ƙara ganinta."

Gajere ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya ja kekensa a ƙasa ya nufi hanyar Fakuwa.